Jigawa: Yadda za a kare yara daga gubar dalma da ƙurar asbesto a gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizani na dalma a jinin ɗan Adam da za a ce ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara da mata masu juna biyu ne suka fi shiga haɗari. Haka nan hukumar ta sanya dukkan nau'o'in asbesto, wanda aka daɗe ana yin kwanon rufi da silin da shi, cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji.

Abubuwan nan biyu ba su da wari, kuma ƙurarsu mai cutarwa ta fi ƙarfin ganin ido. A mafi yawan lokuta ba a masana'anta yaro ke haɗuwa da su ba, a ɗakin mahaifiyarsa ne, ko a tsakar gida inda yake rarrafe.

Ga mazauna Dutse, babban birnin Jihar Jigawa, da garuruwan da ke kewaye da shi irin su Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Miga, batun ya shafi abubuwan yau da kullum: kwallin da ake sa wa jariri, da fentin ƙofa, da tukunyar girki, da tsohon batir, da kuma rufin da iskar farkon damina ta yaye.

Darasin Zamfara

A watan Maris na shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bin diddigin cutar sanƙarau a Jihar Zamfara suka tarar yara na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaran kan fara da amai da ciwon ciki, daga nan sai jijjiga da suma. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu aiki ba. Sai da aka gwada jininsu aka gano cewa gubar dalma ce.

Asalin matsalar shi ne haƙar zinare. Farashinsa ya tashi a kasuwannin duniya, mutanen ƙauyukan suka duƙufa wajen haƙo duwatsun da ke ɗauke da shi, kuma duwatsun na cike da dalma. Ana kawo su cikin gari, a farfasa, a niƙa a injin niƙa irin na hatsi, a shanya garin a tsakar gida. Ƙurar ta bi ɗakuna da kwanuka da tabarmi, ta kwanta a ƙasar da yara ke wasa.

Wani bincike da ƙwararru daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka gudanar a ƙauyuka biyu a wannan shekara ya nuna cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin watanni goma sha biyu, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Daga cikin waɗanda aka gwada jininsu kuwa, kashi 97 cikin ɗari na buƙatar magani na musamman. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 ne suka mutu a annobar baki ɗaya.

Maganin bai yiwu ba sai da aka tsabtace muhalli tukuna, domin yaron da aka yi wa magani ya koma gida mai guba sake kamuwa zai yi. An kankare saman ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, aka binne ta a wajen gari, aka zuba sabuwa. Garin Bagega, wanda ya fi su girma, sai a 2013 aikin ya kai gare shi, bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. A 2022 ne MSF ta miƙa aikinta na Zamfara ga hukumomin jihar, bayan ta kula da dubban yara.

Dutse ba garin haƙar zinare ba ne. To sai dai Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya sa aka lura da Zamfara shi ne yawan mace-mace. Gubar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce wadda ba ta kisa nan take, wadda ke shiga kaɗan-kaɗan ba tare da wata alama ba. Wani rahoto da asusun UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin kowane uku a duniya, kimanin yara miliyan 800, na ɗauke da dalma a jini a mizanin da ke buƙatar ɗaukar mataki.

Me dalma ke yi a jiki?

Jikin ɗan Adam ba ya buƙatar dalma ko kaɗan. Idan ta shiga, jiki kan ɗauke ta tamkar sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, ko sinadarin ƙarfe mai gina jini. Ta haka take samun hanyar zuwa ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, daga bisani ta taru a ƙashi da haƙora, inda take iya zama shekaru da dama.

Dalilai uku ne suka sa yara suka fi cutuwa. Na farko, su ne ke rarrafe a ƙasa suna kai hannu da duk abin da suka tsinta baki. Na biyu, hanjin yaro na tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. Na uku, ƙwaƙwalwarsa na kan ginuwa, kuma ɓarnar da aka yi mata a shekarun farko ba ta gyaruwa.

Ana auna gubar da maikirogiram a cikin kowace desilita ta jini. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, desilita kuwa kashi ɗaya cikin goma na lita. A ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2021, da zarar awon ya kai 5 ya wajaba a nemo inda gubar ke fitowa a raba mutum da shi. Idan ya kai 45 a jikin yaro, likitoci kan ba da magani mai kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari.

A ƙaramin mizani yaro kan zama kamar lafiyarsa ƙalau. Illar kan fito ne daga baya: jinkirin magana, da raunin hadda da fahimta, da rashin natsuwa a aji. Yaron da ake yi wa kallon daƙiƙi ko mai ƙiriniya a makarantar boko ko ta allo, mai yiwuwa ne tun yana goye aka cutar da ƙwaƙwalwarsa. Idan mizanin ya yi sama akan ga ciwon ciki, da bushewar ciki, da amai, da kasala, da ƙarancin jini, sannan jijjiga da suma. Da yake alamun sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, gwajin jini kaɗai ke tabbatar da gubar.

Manya ma ba su tsira ba. Dalma na haddasa hawan jini da ciwon zuciya da na ƙoda. Ga mai juna biyu kuwa, dalmar da ta taru a ƙashinta tun tana yarinya kan koma cikin jini, ta ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi. Hakan na iya janyo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko jariri maras nauyi.

Kwalli da tozali

Sa wa jariri kwalli tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Ana yi don ado, ana kuma yi da imanin cewa yana wanke ido. Ga manya, sa kwalli abu ne da ya zo a sunna, kuma dutsen da hadisai suka ambata shi ne ismid, wanda masana ke fassarawa da dutsen antimoni.

Matsalar ita ce, gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa da yawa daga cikin baƙin dutse mai ƙyalƙyali da ake sayarwa a matsayin kwalli ba antimoni ba ne. Wani dutse ne da ake kira galina, wanda shi ne ma'adinin da ake narkawa a fitar da dalma. Duwatsun biyu sun yi kama ƙwarai, kuma da wuya mai saye ko mai sayarwa ya bambance su da ido.

A 2012 cibiyar CDC ta wallafa rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston na Amurka, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. An tarar da dalma a jininsa ta kai 13. Da aka bincika gidan ba a sami fenti mai guba ba, sai kwallin da aka kawo daga Nijeriya ake sa masa. Da aka gwada kwallin, kashi 82.6 cikin ɗari na nauyinsa dalma ce.

Gubar ba ta fata take shiga sosai ba. Jariri kan murza ido ya tsotsi yatsa, hawaye kuma kan gangara da garin kwallin ta hanci zuwa maƙogwaro. Akwai kuma masu barbaɗa kwalli a cibiyar jariri. Shawarar likitoci ita ce kada a sa wa jariri ko ƙaramin yaro kwallin dutse ko na gari, a ido ne ko a cibiya. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma su guje shi. Tandun kwalli kuma a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kai wa.

Fenti da ƙura

Masu haɗa fenti kan zuba sinadaran dalma domin launi ya yi haske, ya bushe da wuri, ya kuma hana tsatsa. An fi samun haka a fentin mai, musamman launin rawaya da ja da ruwan lemo da kore, irin wanda ake shafa wa ƙofofin ƙarfe da tagogi da gadaje da kujerun makaranta. Fentin ruwa da ake shafa wa bango bai cika ɗauke da ita ba.

Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidaje tun 1978. Iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar sanyawa ita ce kashi 90 cikin miliyan. Wani bincike da ƙungiyar SRADev ta Nijeriya da ƙungiyar IPEN suka wallafa a 2017 ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na fentin mai da suka saya a kasuwannin ƙasar sun wuce wannan iyaka, wasu da nisan gaske. Hukumomin Nijeriya sun amince da iyakar, amma doka ba ta cire fentin da aka riga aka shafa.

Fenti na zama haɗari ne idan ya tsufa ya fara ɓarewa, ko aka goge shi da samfefa, ko aka ƙona shi. Zafin rana da bushewar hunturu na hanzarta ɓarewarsa, ɓarɓashin ya gauraya da ƙurar ɗaki. Lokacin da aka fi tayar da wannan ƙura shi ne na gyaran gida, kamar gabanin biki ko salla ko tarewar amarya. A irin wannan lokaci a fitar da yara da masu juna biyu daga sashen har a gama, a jiƙa wurin kafin a kankare, a tattara ɓarɓashin a leda, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Itacen da ke da tsohon fenti kuma kada a sa shi a murhu.

Akwai kuma ragowar dalmar man fetur. Nijeriya ta daina amfani da fetur mai dalma a farkon shekarun 2000, kuma Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina, a 2021. Amma dalma ba ta ruɓewa. Wadda hayaƙin motoci ya zubar tana nan a ƙasar bakin manyan hanyoyi da tsofaffin tashoshin mota.

Batir, tukunya da sana'ar maigida

Fiye da kashi uku cikin huɗu na dalmar da ake amfani da ita a duniya na tafiya ne wajen yin batir, irin na mota da babur. Ƙarancin wutar lantarki ya sa gidaje da shaguna da dama sun koma ga wutar sola da na'urar adana wuta, kuma da yawansu da irin wannan batir suke aiki. Batir mai lafiya da ke rufe ba ya zubar da guba. Haɗarin na farawa ne idan ya mutu aka fasa shi, aka zubar da ruwansa a ƙasa, aka narka farantan da ke ciki a fili. Hayaƙin da tokar kan sauka a gidajen maƙwabta.

Saboda haka kada a fasa batir a gida, kada a bar matacce a tsakar gida yara na hawa, kada kuma a mai da kwandonsa mazubin ruwa ko abincin dabbobi. A mai da shi ga dillalin da ke karɓar tsoho yana rufe.

Wasu sana'o'in kan sa magidanci ya kawo gubar gida a jikin tufafinsa da takalmansa da gashinsa. Daga ciki akwai gyaran batir da lagireto, da liƙin dalma a gyaran rediyo da waya, da fenti, da sana'ar gwangwan, da narka dalma don yi wa ragar kamun kifi nauyi. Haka ma matasan da ke tafiya ci-rani wuraren haƙar ma'adinai. Abin da ake so shi ne a bar kayan aiki a wurin aiki, a yi wanka a canza tufafi kafin a ɗauki yaro, a kuma wanke tufafin aikin daban.

Tukwanen da maƙera ke zubawa daga narkakken alminiyam su ma abin lura ne. Idan an narka su daga tarkacen injin mota da lagireto da makamantansu, dalma kan shiga ciki. Binciken da aka yi a Kamaru a 2014, da wani da ya biyo baya a ƙasashe goma a 2017, sun nuna cewa wasu daga cikin irin waɗannan tukwane na sakin dalma a abinci. Abinci mai tsami, kamar mai tumatir ko tsamiya ko zoɓo, ya fi jawo ta, musamman idan ya daɗe a wuta ko ya kwana a ciki. Inda hali ya yi, a keɓe wa kunun yaro tukunyar bakin ƙarfe marar tsatsa. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma.

Mata masu juna biyu da ke sha'awar cin farar ƙasa su sani cewa hukumomin abinci a Birtaniya da Amurka sun taɓa gargaɗi a kan irin ƙasar da ake ci a Afirka ta Yamma, bayan an sami dalma a cikinta. Sha'awar cin ƙasa sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini, kuma abu ne da ya kamata a faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a wurin awo.

Asbesto: rufin da ya tsufa

Asbesto ma'adini ne mai zare-zare da ake haƙowa daga ƙasa. Ba ya cin wuta, ba ya tsatsa, ba ya ɗaukar zafi kamar kwanon ƙarfe, yana kuma da araha. Shi ya sa aka riƙa gauraya shi da siminti ana yin kwanon rufi da allunan silin da bututun ruwa. A Nijeriya an kafa masana'antun irin waɗannan kaya a Legas da Inugu da Sapele da Bauchi da Kano, kuma daga shekarun 1960 zuwa na 1990 sun shiga makarantu da asibitoci da ofisoshi da gidajen ma'aikata a duk faɗin ƙasar.

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga watan Agusta na 1991, aka mai da Dutse hedkwatarta. Ke nan gine-ginen farko na sabon babban birnin sun tashi ne a lokacin da waɗannan kaya ke kasuwa, ban da tsofaffin makarantu da gidajen gwamnati na zamanin Jihar Kano. Yau waɗannan gine-gine sun haura shekara 30, shekarun da rufi ke tsagewa, silin ke zubewa, ake kuma sauya su da na zamani. Manyan masana'antun sun koma yin allunan siminti da wani zare daban, ko da yake har yanzu jama'a na kiran kowane irin allon silin da sunan asbesto. Ido ba ya bambance su, don haka ƙwararru ke cewa a ɗauki duk tsohon allo a matsayin mai asbesto.

Matuƙar allon na nan lafiya ba a taɓa shi ba, siminti na riƙe da zaren kuma haɗarin kaɗan ne. Idan aka yanka shi da zarto, ko aka huda, ko aka farfasa, sai zaren ya tashi a iska. Ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, yana daɗewa yana yawo a ɗaki, kuma idan ya shiga huhu jiki ba ya iya narkar da shi.

Cututtukan da yake haddasawa sun haɗa da tabon huhu mai hana numfashi, da ciwon dajin huhu, da na maƙogwaro, da na ƙwan mace, da kuma wani ciwon daji na tantanin da ya lulluɓe huhu da ciki, wanda likitoci ke kira mesoteliyoma. Shan taba na ninka haɗarin dajin huhu ga wanda ya shaƙi asbesto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 200,000 ke mutuwa a kowace shekara sakamakon shaƙarsa a wurin aiki.

Cutar kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 ko fiye kafin ta bayyana, kuma a nan ne batun ya shafi yara. A 2013 wani kwamitin ƙwararru na gwamnatin Birtaniya ya ƙiyasta cewa yaron da ya shaƙi asbesto yana ɗan shekara biyar ya fi wanda ya shaƙa yana da shekara 30 haɗarin kamuwa da mesoteliyoma kusan ninki biyar, saboda yawan shekarun da ke gabansa. Tun a 1960 binciken da ya fara danganta cutar da asbesto a Afirka ta Kudu ya gano ta har a jikin mutanen da ba su taɓa aikin haƙarsa ba, zama kusa da mahaƙar kawai suka yi. Daga baya an same ta a jikin matan da ke wanke tufafin mazansu ma'aikata.

Ƙasashe fiye da 50 sun haramta asbesto. Birtaniya ta yi haka a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu kuma a 2008. Rasha da Kazakistan da Sin na cikin ƙasashen da ke ci gaba da haƙo shi.

Idan rufi ya fashe

A Jigawa lokuta biyu ne aka fi samun tarkacen rufi: farkon damina da iska ke yaye kwano, da lokacin ambaliya irin ta 2022 da ta rushe gidaje masu yawa a jihar. Abin da aka saba gani shi ne a tsince ɓallin allunan a yi akurkin kaji, ko a rufe masai, ko a kare murhu daga iska, ko a farfasa a cike rami. Duk waɗannan na mai da zaren cikin iskar gida.

Ƙa'idar ita ce, allon da ke lafiya a bar shi, a shafe shi da fenti idan ya fara gari. Idan cirewa ta zama dole, a fitar da iyali da kayan abinci da shimfiɗu, a jiƙa allon sosai, a kwance ƙusoshi a sauke shi ɗungurungum ba tare da jefowa ba. Kada a yi amfani da injin yanka. A naɗe tarkacen a leda mai kauri, a tuntuɓi hukumar kare muhalli ta jiha ko sashen tsabtar muhalli na ƙaramar hukuma a kan inda za a binne shi. Kada a share wurin da busasshiyar tsintsiya. Rawani ko ƙyallen rufe hanci ba ya tare wannan zare, sai takunkumi na musamman da aka yi don aikin. Kafinta da birkila su cire tufafin aikin kafin su shiga iyalinsu.

Abin da uwa da uba za su iya yi

Yawancin matakan kariya ba sa buƙatar kuɗi. A yayyafa ruwa kafin shara, a fitar da yaro har ƙura ta kwanta. A shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma mai tsabta. A wanke masa hannu da sabulu kafin cin abinci da kafin barci, a riƙa wanke abin da yake tsotsa. A rufe abinci da ruwan sha, musamman da hunturu. A cire takalma a ƙofar ɗaki.

Abinci ma kariya ne. Cikin da babu komai ya fi tsotse dalma, haka ma jikin da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko kalsiyam. Wake da zogale da hanta da ƙwai da ƙananan kifi da nono da kuka na cike wannan giɓi. Shayar da nonon uwa na nan a matsayin abin da ya fi ga jariri, sai fa idan likita ya ga dalilin da ya saɓa bayan gwaji. Mai juna biyu ta riƙa zuwa awo tana shan ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta.

Idan yaro na yawan ciwon ciki da kasala da ƙarancin jinin da ba ya jin magani, ko ya yi jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, a garzaya da shi asibiti. A yankin akwai asibitin Rasheed Shekoni da babban asibiti a Dutse, da cibiyar lafiya ta tarayya a Birnin Kudu, da babban asibitin Jahun, inda MSF ta fara aikin kula da masu haihuwa a 2008. Abin da zai taimaki likita shi ne a faɗa masa sana'ar da ake yi a gidan, da ko ana sa wa yaron kwalli, da ko an yi fenti ko gyaran rufi kwanan nan, da magungunan gargajiyar da aka ba shi. Idan aka tabbatar da gubar a jikin yaro ɗaya, a gwada sauran yaran gidan.

Sauran aikin na hukuma ne. NAFDAC ce ke da alhakin kayan kwalliya da abinci da magunguna, SON ke kula da ingancin kaya irin su fenti, NESREA kuma ke tilasta bin dokokin muhalli. A ƙarshen watan Oktoba na kowace shekara Hukumar Lafiya ta Duniya kan ware mako guda na wayar da kai a kan gubar dalma. A Zamfara, tsabtace ƙauyukan ya yiwu ne da haɗin kan sarakuna da masu unguwanni, waɗanda suka sa aka fitar da niƙan duwatsu daga cikin gari. Irin wannan rawa ce limamai da ungozomomi da shugabannin ƙungiyoyin sana'a za su iya takawa a Jigawa, domin maganarsu ce ke isa ɗakin da ake sa wa jariri kwalli da rumfar da ake fasa batir.